Daga gajeren wando zuwa hijabi: tarihin kayan 'yan lakwal a ƙasar Magaria da Dungas



Duk shekara idan watan Oktoba ya kama, hatsi ya nuna ana shirin girbi, zancen da ke tashi a majalisu da gidajen suna shi ne na komawa lakwal. Teloli ba sa barci, masu yadi a kasuwa suna ciniki, iyaye kuma suna lissafin tiya nawa za a fitar daga rumbu kafin a ɗinka wa kowane yaro nasa. Kuma duk shekara sai mun ji labari iri ɗaya. An koro yarinya daga aji don launin hijabinta bai yi daidai da wanda makaranta ta ce ba. An tsayar da yaro a bakin ƙofa don ya zo da rigar gida. Uban ya ce to shi ke nan, dama ga gyaɗa can tana jiran mai cira, ya wuce gona. Wani yaron daga ranar ba a sake ganin ƙeyarsa a aji ba.

A 'yan shekarun nan maganar ta ƙara zafi, tun da aka shiga zancen komawa ga al'adunmu da rabuwa da abin da Faransa ta bar mana. Wasu na cewa a cire wa yara kayan nasara a sa musu kaftani da hula. Wasu na cewa a bar kowa ya zo da abin da Allah ya hore wa ubansa. Wasu kuma na ganin idan aka gyara tufafin, iyayen da suka juya wa lakwal baya za su dawo. Kafin mu ce e ko a'a, mun ga ya kamata mu waiwaya baya, domin wannan gardama ta girmi duk wanda ke yin ta yau.

KAFIN ZUWAN LAKWAL

Ƙasarmu ba a jiya ta san karatu ba. Dungas da Waca suna cikin tsofaffin masarautun Sosebaki tare da Miriya, gidan sarautar Magaria kuma jininsa ɗaya da na Daura. A ƙarni na 19, musamman zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, yankin ya shiga ƙarƙashin ikon Damagaram, kuma ayarin fatake daga Kano zuwa arewa ta nan yake ratsawa. Fatake suna ɗauke da turkuɗin Kura da baƙin yadi mai ƙyalli da Buzaye ke so, malamai da almajiransu kuma suna bin hanya ɗaya da su.

A wancan zamani tufa magana take yi. Da ka hango mutum ka san matsayinsa: rawani na sarki ne da malami, babbar riga ta magidanci, yaro kuwa bante ko warki ya ishe shi har ya tasa. Budurwa tana ɗaura zane, matar aure ta ƙara kallabi da mayafi. Audugar a gonakinmu ake noma ta, tsofaffi mata su kaɗa zare da mazari, masaƙa su saƙa fari da saƙi da gwado, marina su tura a baba.

Makarantar da muka sani ita ce tsangaya da makarantar allo, kuma babu wanda ya taɓa tambayar kolo irin rigar da ya sa kafin a ɗora masa karatu. Yana iya zuwa da tsumma, a gindin wutar kiskali duk ɗaya ne. Sai ranar da ya sauke ne ake ɗinka masa sabuwar riga, a zayyana masa allo, a yanka dabba, jama'a su taru su ji shi da kunnensu. Wanda ya yi zurfi har ya zama alaramma, shi ake naɗa wa rawani. Ku riƙe wannan, don za mu dawo kansa: a tsarin kakanninmu karatu ne ke gaba, tufa tana biyo shi a matsayin shaida.

NASARA DA KAKINSA

A 1898 aka kashe Kyaftin Kazamaju a birnin Damagaram, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Shekara ta gaba, 1899, sojojin Faransa suka ci Damagaram bayan yaƙin Tirmini. Daga nan Faransa da Ingila suka zauna suka ja layi, suka raba Magaria da Daura, suka raba Dungas da Maigatari da Gumel. Dangi ɗaya, wasu suka wayi gari a Faransi, wasu a Ingilishi, kamar yadda tsofaffi ke faɗa. Damagaram ce ta zama babban birnin mulkin nasara a ƙasar nan har zuwa 1926 da aka mayar da shi Yamai.

Nasara bai buɗe lakwal don ya ilmantar da kowa da kowa ba. Yana bukatar tafinta, da akawu, da mai rubuta haraji, da mushe da zai koyar da wasu irinsu. Yadda ake samo yaran kuwa, kumandan ne zai aika wa sarki cewa yana son yara kaza, sarki ya aika wa masu gari, dogarai su shiga ƙauye. To ta wannan hanyar ce dai ake karɓar haraji, ta nan ake ɗibar mutane aikin tilas, ta nan ake kama samari soja. Aikin tilas ɗin ma sai a 1946 aka soke shi. Don haka talaka bai ga bambanci tsakanin kamun lakwal da sauran kamun ba. Dattawanmu suna ba da labarin yadda ake ɓoye yara a rumbu, ko a tsallaka da su Ingilishi wajen dangi cikin dare, ko a miƙa su ga malami ya tafi da su gabas. Manya da yawa da aka ce su ba da 'ya'yansu, sai suka tura 'ya'yan barorinsu.

Yaron da aka kama kuma, idan ya dawo hutu, da me yake dawowa? Da gajeren wando da 'yar riga na kaki, kai babu hula. Wannan yadin shi ne a jikin soja, shi ne a jikin mai gadin bariki, shi ne a jikin kumandan kansa. Ga gwiwa a waje, a ƙasar da aka san suturar namiji daga cibiya take zuwa gwiwa, kuma magidanci ba ya shiga mutane kai sake. Uwa ba ta iya karanta littafin da ke hannun ɗanta, amma tana iya karanta wandon da ke jikinsa, kuma abin da wandon ya gaya mata shi ne yaron nan ya zama nasu. A cikin aji kuma ga abin da ake ce wa sambol, wani ƙashi ko katako da ake rataya wa duk yaron da bakinsa ya suɓuce ya yi Hausa, wanda ya kwana da shi ya sha bulala. An canza masa riga, an kuma hana shi harshen uwarsa. Ina mamaki don iyaye sun gudu?

Sakamakon a fili yake. Ranar da Nijar ta samu 'yancin kai, 3 ga Agusta 1960, yaran da ke lakwal ba su kai 5 cikin 100 ba a faɗin ƙasa, 'yan mata kuwa a ƙauyukanmu sai dai a ƙirga da yatsu. Hukumomin lokacin su ma sun gane inda gizo ke saƙa, shi ya sa a 1957 aka buɗe madarasar farko a garin Say, inda ake haɗa Larabci da Faransanci. Daga can ne makarantun faranko-arab da muke gani yau suka samo asali.

LOKACIN DA KAKI YA YI DARAJA

Wani abu ya faru bayan 'yancin kai da ya kamata masu gardamar tufafi su tsaya su duba. Shugaba Diori Hamani mushe ne, Bubu Hama ma mushe ne. Mutane suka ga waɗanda aka kama jiya suna kuka, yau su ne ke riƙe da ƙasa, kuma ga su cikin babbar riga da hula ana buga musu tambari. A ƙauye aka fara ganin ɗan wane da aka kai lakwal da ƙarfi ya dawo ma'aikacin asibiti, ko malamin gona, ko jandarma, yana aiko wa uwarsa kuɗi ƙarshen wata, yana biya wa ubansa haraji.

Lokacin kuɗin gyaɗa ne. An kafa kamfanin SONARA a 1962, yankinmu yana cikin manyan masu cika masa buhuna, har masana'antar man gyaɗa ta SEPANI aka gina a Magaria. Gwamnati tana da abin hannu, kuma 'yan lakwal ba su da yawa. Wanda ya ci jarrabawa ya shiga kolej, gwamnati ce ke ɗaukar nauyinsa, wanda ya gama kuma aiki na jiran sa. Waɗanda suka yi karatu a shekarun 1960 da 1970 suna nan da ransu a cikinmu, ku tambaye su. Za su gaya muku yadda suke wanke kakinsu su goge da dutsen guga na gawayi, su shiga kasuwa ranar hutu ana nuna su.

To kun ga, yadin bai canza ba, ɗinkin bai canza ba. Wandon da kaka ta tsana shi ne jika ke alfahari da shi, saboda yanzu akwai abin da ke bayansa. Iyaye da yawa sun haƙura da gwiwa a waje tun da sun ga amfanin a cikin tukunyarsu.

Ba a ce kowa ya yarda ba. Wajen 'yan mata abin bai motsa sosai ba, domin 'yar lakwal ta lokacin buje take sawa da 'yar riga, kai ko da kallabi ko babu, kuma mutumin ƙauye yana ganin wannan shigar 'yan bariki ce, wadda ta saba da ita ba za ta zauna gidan miji ba. An kuma yi ƙoƙarin kusanto da makaranta ga jama'a ta wata hanyar. A 1973, a nan Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko a ƙasar da ake fara koyar da yara da Hausa kafin Faransanci. Abin takaici, shekaru suka yi ta wucewa ana ce mata gwaji, ba a yaɗa ta yadda ya kamata ba. Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, Seyni Kunce ya farfaɗo da Samariya, matasa suka riƙa buga tubali suna gina azuzuwa da hannunsu. Amma a lokacin fari ya riga ya ci dabbobi, cuta ta kashe gyaɗa, arzikin yankinmu ya fara ja da baya.

DA ABIN YA KARYE

Kuɗin yuraniyom ya riƙe gwamnati na ɗan lokaci, sai farashinsa ya faɗi a farkon shekarun 1980. Aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu na Bankin Duniya da asusun ba da lamuni na duniya. Ɗaukar aiki kai tsaye ya tsaya, tallafin ɗalibai ya ragu. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 jami'an tsaro suka buɗe wa ɗalibai wuta a gadar Kennedy a Yamai, uku suka rasu. A 1991 aka yi babban taron ƙasa, aka shiga dimokuraɗiyya da aljihu wayam. Malamai suna yin watanni babu albashi, yajin aiki ya zama ruwan dare, har akwai shekarun da karatu ya tashi a banza aka ce kowa ya maimaita aji. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kuɗin littafi da na yadi suka yi sama. Uba ya duba ya ga ɗan maƙwabcinsa da ya yi shekara goma yana sa kaki, ga shi zaune a fada yana dafa shayi, bai iya noma ba, bai samu ofis ba.

A daidai wannan lokaci ne wata iska ta kaɗo daga kudu. An kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, kuma mu da ke bakin iyaka ba mu jira an kawo mana labari ba. Wa'azi yana shigowa ta kaset da rediyo, 'yan ci-rani suna dawowa da shi, makarantun Islamiyya suka buɗe a unguwanni, mata da 'yan mata suka fita neman karatun addini. Da Islamiyya hijabi ya zo, dogo mai rufe kafaɗa har ƙasa, ana saro shi daga Kano, ana baje shi a kasuwar Maigatari ranar Alhamis da sauran kasuwannin kan iyaka.

Nan akwai wani shafi na tarihinmu da ba shi da daɗi, amma ɓoye shi ba zai amfane mu ba. A daminar 1992 ruwa ya yi jinkiri, sai wasu gungun mutane a birnin Damagaram suka far wa mata da 'yan mata masu sanye da buje, suna cewa shigarsu ce ta hana ruwa sauka. A Nuwamban 2000 kuma, da aka kawo bikin nuna tufafi na FIMA Yamai, an yi tarzoma a Yamai da Maraɗi, gwamnati ta rusa wasu ƙungiyoyin addini. Haushin fari da talauci da gwamnatin da ta kasa biyan albashi, duk sai aka sauke shi a kan jikin 'ya'ya mata. Su ba su riƙe ruwan sama ba, ba su cinye albashin kowa ba. Duk lokacin da zancen tufafi ya taso, mu tuna cewa mai ƙaramin ƙarfi ne ke fara shan dukan.

Duk da haka, yadda hijabi ya shiga makarantun gwamnati a wajenmu abin lura ne. A Faransa rigimar ta fara a 1989 a garin Kirai kusa da Paris, ta kai ga dokar 2004 da ta hana ɗalibai sa kallabi a makarantun gwamnati. A jihar Legas sai da aka je har Kotun Ƙoli, a 2022 ta yanke cewa ɗaliba na da 'yancin sa hijabinta. Mu a nan, duk da tsarin mulkinmu na wancan lokaci ya raba addini da hukuma, ba mu sha irin wannan shari'a ba. Yara suka riƙa zuwa da shi, malamai mata suka sa nasu, daraktoci suka zaɓi launi, buje ya sauka har idon sawu, wandon maza ya yi tsawo. Jama'a ce ta gyara kayan lakwal da kanta, a hankali, ba tare da an yi shela ba. Kuma gaskiya ne wannan ya kwantar wa iyaye da yawa hankali har suka saki 'ya'yansu mata.

YARA SUN YAWAITA, YARDA TA RAGU

Da tufa ce matsalar, da a nan labarin ya ƙare lafiya. An yi dokar ilimi ta 1998, aka ƙaddamar da shirin shekara goma a 2003, aka buɗe makarantu a ƙauyukan da ba su taɓa ganin mushe ba, daga Bande zuwa Sasumburum, daga Dogo-Dogo zuwa Malawa. A 2011 aka cire Dungas daga Magaria ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Ƙidayar 2012 ta nuna gundumomin biyu sun haura mutum dubu 900, kuma yara ne suka fi yawa. Don a samu masu koyar da wannan taro, aka koma ɗaukar malaman kwantaragi, da ƙaramin albashi mai zuwa a makare, da yawa ba tare da isasshen horo ba. Aka kafa kwamitocin iyaye, waɗanda aka fi sani da COGES, aka ce su ne masu makaranta.

Sai ga sakamako. Binciken PASEC na 2014, wanda ya auna ɗaliban ƙasashe 10 masu amfani da Faransanci, ya sa Nijar a ƙarshe: cikin yaran da ke ajin ƙarshe na firamare, waɗanda suka iya karatu yadda ya kamata ba su kai 10 cikin 100 ba. A 2017 gwamnati ta yi wa malaman kwantaragi jarrabawa, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka samu rabin maki. Ba muna faɗa don mu ci mutuncin malamai ba ne. Mun san mushen da ke taka kilomita da yawa a rairayi ya je ya tarar da yara fiye da abin da ido ke iya tsarewa, babu benci, babu littafi. Laifin wanda ya tura shi babu shiri ya fi nasa.

Ga kuma azuzuwan zana. A ƙauyukanmu da yawa karatu ba ya farawa sai an gama girbi an samu karan da za a kafa rumfa, kuma da hadarin farko ya taso an tashi. A Afrilun 2021 gobara ta kashe yara kusan 20 a irin waɗannan azuzuwa a Yamai, a Nuwamban shekarar kuma wata ta kashe fiye da 20 a Maraɗi. Allah ya jiƙansu. Uwar da ta ji wannan labari a rediyo, launin hijabi ne zai dame ta?

Wajen 'yan mata ma an ga inda rashin yarda ya kai. A 2012 gwamnati ta kai wa majalisa dokar kare yarinya mai karatu, ƙungiyoyin addini suka tashi, aka janye ta. Sai a Disamban 2017 aka fitar da ita ta hanyar ƙudurin gwamnati. Abin da ke ran uban ƙauye kuwa ba a takarda yake ba. Yarinya ta gama firamare, kolej yana wani gari, wa zai riƙe ta? A gidan wa za ta kwana, me za ta ci? Shi ya sa da aka fara gina makarantun kwana na 'yan mata zamanin Shugaba Bazum, irin ta Kelle a ƙasar Gure, mutane da yawa suka ce wannan ita ce maganar. A ƙasar da 'yan mata 76 cikin 100 ke aure kafin shekara 18, hijabi ya kawo yarinya aji ɗaya, amma bai isa ya kai ta BEPC ba.

Ku saurari uban da ya cire ɗansa a yau. Da wuya ka ji ya ambaci wando. Cewa yake yi shekara shida yaron nan yana zuwa, ko saƙon waya bai iya karanta mini ba. Mai hali ya kai nasa makarantar kuɗi ko faranko-arab, wani ya tsallaka da shi Daura ko Kano, wani ya mayar da shi tsangaya, inda aƙalla yana iya zaunar da yaron ya ji ko ya iya abin da aka ce ya iya.

TO YANZU FA?

Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ana ta maganar sake gina ƙasa. A Maris 2025 sabon kundin da ya maye gurbin tsarin mulki ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka koma harsunan aiki. Jikokin waɗanda aka rataya wa sambol sun ga wannan rana, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Masu son a sauya kayan lakwal suna nuna Burkina Faso, inda a 2023 hukumomi suka ce a riƙa ɗinka kayan ɗalibai da saƙin ƙasar, Faso Dan Fani, wanda Toma Sankara ya ɗaukaka tun shekarun 1980. Amma Burkina tana cikin manyan masu noman auduga a Afirka, kuma masaƙanta suna nan da yawa suna aiki. Kuɗin da uba ya kashe a can yana faɗawa hannun wata mai saƙa a unguwarsu.

Mu fa? Marinanmu akasari sun cike da ƙasa, masaƙa sun tsufa babu magada. Shaddar da muke kira kayan gargajiya daga waje take zuwa, yadin hijabi daga Sin, ya bi ta Kantin Kwari kafin ya iso mu. Hijabin kansa, in za mu faɗi gaskiya, kaki ya girme shi a ƙasar nan, kakanninmu mata zane da mayafi suka sani. Ba aibu ba ne, al'ada dama tafiya take yi. Amma duk mai cewa a koma ga gado, sai ya gaya mana wane gadon, na wane zamani, kuma na wa, tun da a ajin nan akwai ɗan Bahaushe, da ɗan Bafulatani, da ɗan Babarbare, da ɗan Buzu. Sai kuma ya gaya mana wa zai biya. Magidanci mai yara shida a lakwal, idan aka ce kowa sai sabon ɗinki, hatsin wata nawa ke nan ya bar rumbu tun kafin bazara?

Mu ba mu ƙi a gyara kayan 'yan lakwal ba. Yaro ya shiga aji da kaftani da hula, yarinya da suturar da uwarta ta yarda da ita, abu ne mai kyau, kuma da an yi haka tun zamanin kumandan da an rage wahala. Abin da muke roƙo kaɗan ne. Duk shawarar da za a yanke, a zauna da kwamitin iyaye, da ƙungiyar uwaye mata, da mai gari da liman, a yi ta da Hausa a gaban kowa, kar takarda ta faɗo daga sama ana saura mako a koma. A zaɓi yadin da ake samu a kasuwar kusa, a ba telolin gari ɗinkin, a bar wa iyaye lokaci har tsohon ya tsufa. Kuma kar a sake koro yaro ko yarinya daga aji saboda riga. Wanda bai samu ba a bar shi ya zauna, kwamiti da masu hali su san yadda za a rufa masa asiri.

Sannan mu iyaye, ƙarfin da muke sawa wajen gardamar launi mu raba shi biyu. Rabin mu kai shi wajen tambayar kwana nawa mushe ya yi a aji cikin watan nan, ko albashinsa ya zo, yaushe za a mayar da zanar nan ta zama gini, littafi nawa ke ajin. Da yamma ka kira ɗanka, ka miƙa masa takardar asibiti ko saƙon da ke wayarka, ka ce ya karanta maka. A tsangaya ba a ɗinka rigar sauka sai jama'a sun ji karatu da kunnensu, lakwal ma mu riƙa auna ta da wannan mudun.

Dattawan da suka sa gajeren wando, da iyayenmu mata da suka fara shiga aji da buje, muna roƙon ku ba 'ya'ya da jikoki labarin yadda abin ya kasance a garuruwanku tun kuna raye, don yawancinsa ba a rubuce yake ba. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba su ilimi mai amfani, ya ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai albarka. Amin.